Yadda Ake Fitar da Girman Filin Da'ira Daga Faɗin Bakinta

Littafin lissafi na makaranta yana fara koyar da da'ira ne daga cibiyarta: a nemo rediyos, wato nisan da ke tsakanin tsakiya da gefe, a ninka shi a kansa, sannan a ninka da fai, wata lamba da ta kai kimanin 3.142. Wannan daidai ne, sai dai a wurin aiki ba haka abin yake zuwa ba. Mai haƙar rijiya a Tudun Jukun ta Zariya ba shi da inda zai kafa ƙusa a tsakiyar rami, falamba kuma ba zai iya ɗora tef a cibiyar bututu ba, tunda iska ce a wurin. Abin da tef yake bayarwa shi ne faɗin baki, daga wannan gefe zuwa wancan ta kan tsakiya, wanda ake kira dayamita. Saboda haka gara mutum ya iya lissafin tun daga wannan awon.

Kafin nan, a bambance abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Kewaye shi ne tsawon igiyar da za ta zagaye da'irar ta dawo inda ta fara, ana auna shi da mita. Girman fili kuwa shi ne yawan wurin da ke cikin da'irar, wato inda za a dabe, a liƙa tayil, ko a rufe da kwano. Shi ana auna shi da murabba'in mita, abin da birkiloli ke cewa sukwaya mita: fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi.

Hanyar farko ita ce ta makaranta. Ka raba dayamita biyu, ka ninka rabin a kansa, ka ninka abin da ya fito da fai, wadda ake rubutawa π, ana ɗaukarta a 22/7 ko 3.142. Ɗauki zagayayyen zaure irin na tsofaffin gidajen cikin birni, wanda faɗinsa daga bango zuwa bango ta ciki ya kai mita 4.2. Rabinsa 2.1. Sai 2.1 sau 2.1, ya ba da 4.41. Sai 4.41 sau 22/7, ya ba da murabba'in mita 13.86.

Hanya ta biyu ba ta bi ta rediyos ko kaɗan, kuma ita ta fi dacewa da mai aikin hannu:

girman fili = dayamita × dayamita × 0.7854

Wannan 0.7854 ba wani sabon abu ba ne, fai ce aka raba huɗu. In da 22/7 kake aiki, to rabinsa na rabi shi ne 11/14. A zauren nan, 4.2 sau 4.2 ya ba da 17.64. Raba shi 14, ka sami 1.26, ninka da 11, ka dawo kan 13.86 ɗin nan.

Tsohuwar hanya ce. Al-Khawarizmi, masanin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9, haka ya koyar da ita: a ninka dayamita a kansa, a ɗebe subu'insa, wato kashi ɗaya cikin bakwai, da rabin subu'insa. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanci rabon gado ba zai sha wuya da wannan ba. Subu'in 17.64 shi ne 2.52, rabinsa 1.26, in aka ɗebe su biyun saura 13.86. Mutanen Misira na dā, fiye da shekara 3,500 da suka wuce, su ma daga dayamita suke farawa. Sukan cire tusu'insa, wato kashi ɗaya cikin tara, su ninka ragowar a kansa. Da'ira mai faɗi 9 takan ba su 8 sau 8, wato 64, alhali ainihin amsar 63.6 ce. Don lissafin ka a bakin aiki, har yau dabarar tana da amfani.

Me ya sa 0.7854? Ka zana murabba'i ka sa da'ira a cikinsa tana taɓa gefe huɗu. Filin murabba'in shi ne dayamita sau dayamita. Da'irar ta cinye komai sai kusurwoyi huɗu, kuma a kullum rabonta kashi 78.5 ne cikin ɗari, ko bakin kofi ne ko shataletalen titi. Mai walda da ke yanka murfin tanki a Sabon Gari ya san wannan da aljihunsa: fallen ƙarfe mai ƙafa 4 da ƙafa 8 yana da murabba'in ƙafa 32, in ya fitar da da'ira biyu masu faɗin ƙafa 4 ya yi amfani da 25.1, sauran kusan 7 sun tafi a ɓarɓashi, kuma kuɗin fallen duka ya biya. Wannan hoton murabba'in shi ne ma'aunin da za ka riƙa gwada amsarka. Duk amsar da ta wuce dayamita sau dayamita ƙarya ce. Wadda ta gaza kashi uku cikin huɗunsa ita ma haka.

Wace fai za ka ɗauka? A jarrabawar WAEC ko NECO ka bi abin da tambaya ta ce, sau da yawa 22/7 ake bayarwa, kuma in ka ga dayamita 7, 14, 21 ko 4.2, ka san an zaɓe shi ne don bakwai ta shiga ba saura. A wurin aiki kowacce ta wadatar. Fai ba ta da ƙarshe, tana farawa da 3.14159, kuma tun 1761 masanin lissafi Lambert ya tabbatar babu wasu lambobi biyu da za a raba su ba da ita cif. 22/7 ta ɗara ta da kusan kashi 4 cikin 10,000, wato a hekta guda kuskuren kimanin murabba'in mita 4 ne. Lanƙwasar tef a hannunka ta fi wannan ɓarna nesa ba kusa ba.

Awon shi ne rabin aikin

Tunda ninka dayamita ake yi a kansa, kuskuren awo ma ninkuwa yake. In ka kuskure da kashi 5 cikin ɗari a faɗi, a fili zai fito kusan kashi 10.

Dayamita shi ne layi mafi tsawo da zai iya ratsa da'ira. Duk layin da ya kauce wa cibiya ya fi shi gajarta, shi ya sa awon gaggawa kusan kullum ragewa yake, ba ƙarawa ba. Ka sa yaronka ya danne kan tef a gefe ɗaya, kai ka ja shi tsam zuwa ɗaya gefen, ka riƙa goce shi dama da hagu a hankali kana kallon lamba. Inda lambar ta fi girma, nan ne dayamita. A kan ƙaramin abu kamar falle ko katako, sukwayar kafinta ta fi sauri: ɗora kusurwarta a kan layin da'irar, inda hannuwanta biyu suka yanke layin ka yi alama, nisan alamun biyu shi ne dayamita.

Sai ka yanke shawarar wane faɗi kake nema, na ciki ko na waje. Ruwan tanki, daɓen ɗaki da abin da bututu zai ɗauka duk na ciki ne. Murfin rijiya da rufin rumbu na waje ne, har da ɗan ƙari. Bangon ƙasa mai kaurin santimita 30 yana mayar da zauren 4.2 ya zama 4.8 daga waje, wanda filinsa ya kai 18.1. In ka auna ta waje ka sayi tayil, ka ƙara kusan sulusi a banza.

Wani abin ba ya ratsuwa: rumbu, gindin kuka, ginshiƙi, tankin da ke cike. A nan sai a zagaye shi da igiyar da ba ta miƙewa, a auna igiyar, a raba da fai. Rumbun da igiya ta ci mita 6.6 faɗinsa 2.1 ne, filin gindinsa kuma 3.47. Igiyar leda ko roba tana ba da awon ƙarya, kuma in ta karkace sama a bayan rumbun inda ba ka gani, tsawonta ya ƙaru. Ka tuna kuma wannan faɗin waje ne, sai ka cire kaurin bango sau biyu kafin ka yi lissafin hatsin da zai shiga.

Rijiyar da aka haƙa da hannu da wuya ta zama cikakkiyar da'ira. Auna ta sau biyu, gabas da yamma, kudu da arewa. In ka sami 1.3 da 1.1, ninka su da juna maimakon ninka ɗaya a kansa: 1.3 × 1.1 × 0.7854 = 1.12.

Inda lissafin ke lalacewa

Babban kuskure shi ne sa dayamita a gurbin rediyos. Mutum ya haddace "fai sau rediyos sau rediyos", ya ɗauki 4.2 ya zuba a ciki bai raba ba, sai ya sami 55.44. Ninki huɗu ke nan, ba biyu ba, domin rabawar da ya tsallake sau biyu take aiki. Akwai kuma akasinsa. Ragon da aka ɗaure a turke da igiya mita 3 yana kiwo a da'ira mai faɗin mita 6, domin igiyar rediyos ce. Filinsa 28.3 ne. Wanda ya ɗauki 3 a matsayin dayamita zai ce 7.07. Haka igiyar da magini ke ja daga turken tsakiya yana shata harsashin zagayayyen ɗaki. Kafin ka taɓa kalkuleta, tambayi kanka: awon nan daga gefe zuwa gefe ne, ko daga tsakiya?

Na biyu ya fi wuyar kamawa. Wasu ɗalibai suna ganin ɗan ƙaramin 2 da ke saman r, harafin rediyos, a πr² su ɗauka "sau biyu" ake nufi, sai su yi 2.1 sau 2 maimakon 2.1 sau 2.1. A zauren namu hakan zai ba da 13.2, wanda kewaye ne, ba fili ba. Abin haushin, 13.2 da 13.86 sun yi kusa har ba wanda zai yi zargi. A dayamita 4 ma lambobin biyu ɗaya suke fitowa, 12.57. Sai faɗin ya kai 10 asiri yake tonuwa, kewaye 31.4, fili 78.5. Malamin da ke son gano ko ɗalibi ya fahimta, kada ya ba shi dayamita 4.

Kalkuleta ma tana da nata tarkon. In ka danna 4.2 ÷ 2² a irin ta kimiyya, biyun kawai za ta ninka, ta raba 4.2 da 4, ta ba ka 1.05 maimakon 4.41. Ka danna alamar daidai bayan rabawa kafin ka ninka. Kada kuma ka datse lamba a tsakiyar hanya. Wanda ya mayar da 4.41 ta zama 4 don sauƙi ya yar da murabba'in mita 1.3, tayil takwas masu santimita 40 da 40 ke nan.

Sai sauya ma'auni. Mita ɗaya santimita 100 ce, amma murabba'in mita ɗaya murabba'in santimita 10,000 ne, ɗari sau ɗari. In ka auna zauren da santimita, 420, amsar za ta fito 138,600. Wanda ya raba da 100 zai ce zauren ya kai murabba'in mita 1,386, kusan fuloti uku masu ƙafa 50 da 100. Mafi sauƙi, ka mayar da awon mita tun kafin ka fara. Ƙafa ɗaya mita 0.3048 ce, inci ɗaya santimita 2.54, murabba'in mita ɗaya kuma murabba'in ƙafa 10.76. A kula da tef mai fuska biyu: ƙafa 4 da inci 6 ba 4.6 ba ne, 4.5 ne, tunda inci 12 ke yin ƙafa.

Daga fili zuwa kayan aiki

Tayil mai santimita 40 da 40 yana rufe murabba'in mita 0.16. Zauren 13.86 yana buƙatar guda 87 a takarda. A ƙasa ba za su isa ba, domin duk wanda ya taɓa bango sai an yanka shi a lanƙwashe, kuma guntun ba safai yake shiga wani wuri ba. A ɗaki mai kusurwa huɗu ƙarin kashi 10 cikin ɗari kan wadatar, a zagayayye gara ka ƙara 15 zuwa 20, ka sayi 100 zuwa 105. Tayil ƙanana sun fi manya rage asara a irin wannan ɗaki.

In ka ninka filin gindi da tsayi ka sami abin da mazubi ke ɗauka. Tanki mai faɗin ciki mita 1.4 filin gindinsa 1.54 ne. In tsayinsa 1.3, ya ba da kubik mita 2.0, wato lita 2,000, jarka 80 mai lita 25. Kowane santimita ɗaya na tsayinsa lita 15.4 ne, saboda haka da sanda mai alama za ka san abin da aka zuba maka da abin da gida ke sha a rana. Wannan yana aiki ne a tankin da ke tsaye mai faɗi ɗaya daga ƙasa zuwa sama. Wanda aka kwantar, kamar na tankar ruwa, sanda ba ta hawa daidai a cikinsa. Rijiya mai faɗin 1.2 filinta 1.13, in zurfin ruwan ya kai mita 2.5 akwai kimanin lita 2,800 a ciki a lokacin da ka auna. Na watan Agusta daban, na watan Afrilu daban.

Murfin kankare na wannan rijiya, in aka ba shi faɗin 1.5 don ya hau kan gini, filinsa 1.77. Da kaurin santimita 10 ya zama kubik mita 0.177. Kwaɓin ɗaya, biyu, huɗu na siminti, yashi da tsakuwa yana cin kusan buhu 6 a kubik mita, don haka buhu ɗaya da ɗan ɗoriya ya isa. Abin da ake mantawa shi ne nauyi. Kubik mita na kankare ya kai kimanin kilo 2,400, murfin nan zai haura kilo 420. In a ƙasa za a zuba shi sannan a ɗaga, a raba shi gida biyu.

Daɓen da ke zagaye bakin rijiya zobe ne, babbar da'ira da aka cire ƙarama a cikinta. Ninka kowane faɗi a kansa tukuna, sannan ka ɗebe. Na waje mita 3, na ciki 1.4: 9 a ɗebe 1.96 saura 7.04, sau 0.7854 ya ba da 5.53. Wanda ya fara ɗebe 1.4 daga 3 sannan ya ninka zai sami 2.01, kayan da ya saya ba za su kai rabin aikin ba.

Ninka faɗi biyu, fili ya ninku huɗu

A nan ne lissafin ya fi taɓa kuɗi, har da rai. Ido yana kwatanta faɗi, amma ruwa da nauyi da lantarki da fili suke aiki.

Manomin rani a fadamar Galma da ke zaɓar mesa tsakanin inci 2 da inci 3 zai ga kamar bambancin rabi ne. Bakin ta farko murabba'in inci 3.14 ne, na ta biyu 7.07, ya ninka biyu da kwata. Mesa biyu masu inci 2 ba su kai ɗaya mai inci 3 ba. A zahiri tazarar ma ta fi haka, domin ruwa ya fi gogar bango a siririyar mesa, musamman in ta yi tsawo. Amma babbar mesa ba ta ƙara wa inji ƙarfi, abin da yake iya turawa kawai take bari ya wuce. Sunan bututu a kasuwa kuma ba lallai ya zama faɗin cikinsa ba, ka auna da kanka. Kwalbati ma haka: zobe mai faɗin santimita 60 filin bakinsa 0.28, mai 90 kuma 0.64. Jera ƙanana biyu bai kai babba ɗaya ba, kuma sun fi saurin toshewa da leda in ruwan Agusta ya sauko.

Rodi ya fi duka muhimmanci. Ƙarfin da yake ɗauka yana bin filin kansa in an yanke shi. Mai milimita 8 yana da murabba'in milimita 50, mai 10 yana da 79, mai 12 yana da 113, mai 16 yana da 201, mai 20 yana da 314. In injiniya ya rubuta 16 ɗaya, wani ya ce a sa 8 biyu ai duk ɗaya ne, rabin ƙarfen aka sa. Sai 8 huɗu ne ke yin 16 ɗaya, kuma ko wannan canjin ba a yinsa sai da izinin wanda ya zana ginin, domin tazara da wurin zaman rodin su ma suna cikin lissafinsa. Rodin da aka sayar da sunan 12 alhali 11 ne, milimita ɗaya ce ido bai gani ba, amma filinsa ya sauko 95, an rasa kashi 16 cikin ɗari. Araha ba ta ado. Tunda jikin rodi yana da tsaga-tsaga, auna faɗinsa yana ruɗi, sikeli ya fi gaskiya. Ninka faɗin, a milimita, a kansa ka raba da 162, ka sami kilo a kowace mita. Cikakken 12 mai tsawon mita 12 zai yi kilo 10.7, mai 11 bai wuce 9 ba.

A wayar lantarki abin juyawa yake. Lambar da ake kiranta da ita, 1.5 ko 2.5, fili ce a murabba'in milimita, ba faɗi ba. Don komawa daga fili zuwa dayamita, raba filin da 0.7854, ka nemi lambar da in an ninka ta a kanta za ta ba da amsar, wato tushenta, da maɓallin √ na kalkuleta. Waya 2.5 mai sili ɗaya tagullarta za ta yi faɗin milimita 1.78, mai 1.5 kuma 1.38. Tagullar ake aunawa bayan an fere robar, domin kaurin roba ne ke rufa wa siririyar waya asiri. In mai silli da yawa ce, fitar da filin ɗaya ka ninka da yawansu.

Wannan juyin yana amfani a gini ma. Mai son zagayayyar rumfa da za ta ba shi murabba'in mita 20 sai ya raba 20 da 0.7854, ya sami 25.46, wanda tushensa 5.05. Igiyar shata za ta zama rabin haka, mita 2.52 da ɗan ɗori.

Rufin rumfar kuwa ba da wannan lissafin ake sayensa ba. Duk abin da ya gabata na shimfiɗaɗɗen fili ne, jinka kuma tsini gare ta. Nata lissafin shi ne fai sau rediyos sau tsawon gangaren, daga ƙoli zuwa baki. Jinka mai faɗin baki mita 5 da gangaren mita 3.2 tana da 3.142 × 2.5 × 3.2, wato murabba'in mita 25.1, alhali inuwarta a ƙasa 19.6 ce. Tulluwa ma haka take. In cikakken rabin ƙwallo ce, bayanta ya ninka filin gindinta sau biyu cif. Irin ta ginin ƙasa da aka saba gani a cikin birnin Zariya ba ta kai haka tudu ba, don haka mai yaɓe ko fenti zai sami adadinsa tsakanin filin gindin da ninkinsa, gwargwadon tashinta.